Man Ƙosai a Ƙafar Rudu

Fatakwal,
ranar Lahadi, bayan azahar.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida innarki da ƙannenki, da duk wanda ya shigo gidanmu na Kashin Zama ya tambayi lafiyata. Wanda bai tambaya ba ma ki gaishe shi, ba laifinsa ba ne, mutumin da ake gani sau ɗaya a shekara ba ya wuyar mantawa. Ina fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya lau nake, in an cire gwiwa da baya, da ruwan saman garin nan da ba shi da ranar hutu.

Innarki ta gaya mini takardarki ta fito, an ba ki koyarwa a wata firamare a Maiyama, kuma gidan Gwaggonki Kulu za ki zauna. Na yi murna har na ƙara wa wata mata albasa biyu gyara ba ta roƙa ba, abin da maƙwabtana na kasuwa suka ce ba su taɓa gani ba. Allah shi sa albarka, shi sa ki shiga da ƙafar dama.

Za ki ce me ya hana Baba ya yi mini magana ta waya. Na kira ki sau uku, duk ukun sai in ji bakina ya kama tambayar awaki da zancen taki. Akwai maganar da waya ba ta ɗauka. Shi ya sa na sayi biro, na yage tsakiyar littafi, na zauna bisa buhu. Direban da ya sauke mana kaya jiya zai bi ta Aliero, shi zai kawo miki.

Da so samu ne, ni zan ɗauki akwatinki in sa ki mota a Aliero, mu sauka Jega in saya miki soyayyen kifi, in kai ki har ƙofar gidan yayata. To ban samu ba. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina nan ina sayar da albasar da wasu suka noma, a garin da babu wanda ya damu ya san sunana, kowa sai dai ya ce Aboki. Ba na ɗora wa kowa. Ni na zo da ƙafata, kuma da abin nan kuka yi karatu. Sai dai in ce ban gaji ba, na yi ƙarya.

Zancen salla da kunya da zama da mutane, na san innarki ta cika miki kunne, kuma ta fi ni iyawa. Ni maganata a kan mai ce. Man tuya, wanda aka gama aiki da shi ya rage a kasko. Yi dariyarki ki gama, ina jira. Gidan da za ki, tsohon mai ba ƙaramin abu ba ne, kuma ubanki ya ji kunya a kansa fiye da sau ɗaya. Zan fara miki da masu sauƙin faɗi, in bar mai nauyin ƙarshe, ko da yake shi ya riga su faruwa.

Kafin in auri innarki na yi dako a Jega. Ɗaki guda muka haɗa da wani mahauci, Bawa, mutum mai faɗin ƙirji da tsinin baki. Kasko ɗaya gare mu, kuma ni ne mai tuya. Ni a lokacin ban yarda mai yana mutuwa ba. In ya ragu in ƙara sabo a kai, in ci gaba. Yau kifi, gobe dankali, jibi ƙwai, in Bawa ya rage hanta ita ma ciki. Ban taɓa tacewa ba, ban taɓa rufewa ba. A hankali man ya yi baƙi, ya yi kauri, da an ɗora shi wuta sai ya kama kumfa yana hayaƙi tun bai yi zafin kirki ba. Dankali ya koma ƙarnin kifi, ƙwai ya koma ɗanɗanon hanta.

Wata rana Bawa ya leƙa kaskon ya ce, "Mamman, wanga mai naka ya kai aure. Ka sallame shi shi tahi gidansu."

Na ce, "Mai ba ya tsuhwa, Bawa. Kai dai ci."

Ya ce, "Ni na ƙoshi. Amma cikinka za shi hwaɗa maka gaskiya, tunda ni ba ka jin tawa."

Ciki kuwa ya faɗa mini, kuma ranar kasuwa ya zaɓa. Ranar da ɗan dako ke jira mako guda, ni na yi ta tsakanin ɗaki da bayan gida, maƙogwaro na ƙaiƙayi, baki ɗaci. Bawa ya dawo da yamma ya same ni kwance, ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "A soya maka ƙwai?" Da takalmi na jefe shi.

To ki ji. In kin gama tuya, ki bar man ya huce, ki samu ƙyalle mai tsabta ki tace shi cikin kwalba ko gwangwani mai murfi, ki ajiye inda rana ba ta dukansa. Wannan baƙin garin da ke kwanciya a gindin kasko shi ke kashe mai, kar ki bar shi ciki. Man da ya soya kifi na kifi ne, kar ki kai shi ga ƙosai ko wainar fulawa. Ki sake amfani da shi sau biyu, in ya yi kyau sau uku. Amma da kin ga ya yi duhu, ko yana danƙo, ko yana kumfa, ko kin shinshina kin ji ya juya, to ya gama zamansa. Kar tsimi ya sa ki ci shi, kar kuma kunya ta sa ki soya wa baƙo da shi.

Sai dai ki lura da abin da na ce, ya huce. Kin san tabon nan na bayan ƙafata ta hagu, wanda na ce muku salansar mashin ce ta ƙone ni? Ba salansa ba ce. Mai ne na sauke daga wuta na ɗura shi cikin gorar roba saboda ina sauri. Gorar ta lanƙwashe a hannuna kamar tana gaishe ni, gindinta ya buɗe. Salansa ta fi daɗin faɗi a gaban yara, shi ya sa na ɗora mata. Ki gaya wa ƙannenki mashin ba shi da laifi.

Na biyu a nan Fatakwal ya same ni, shekarun farko da na zo. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, ƙabila iri iri, mai gidan wata dattijuwa ce da muke kira Madam. Akwai wurin wanke-wanke na siminti a tsakar gida, da bututu da ya bi ƙarƙashin ƙasa ya fita kwata. Tun da ciki ya koya mini hankali a Jega na daina cin mataccen mai, sai na koma zubarwa. Dabarata ita ce in tuttule shi cikin bututun, in bi shi da ruwan zafi, a tunanina ruwan zai raka shi har teku. Ban san ruwan zafi rakiyar bakin ƙofa yake yi ba. Da ya yi ɗan nisa ya huce, man sai ya zauna a jikin bututu ya daskare, ya riƙa tare duk abin da ya zo wucewa.

Wata safiya ruwa ya ƙi tafiya. Ya tsaya, ya yi tunani, ya dawo tsakar gida da duk abin da aka ba shi ajiya, ƙwayar shinkafa, ɓawon kifi, gashi, da wani wari da ba ni da sunansa a Hausa. Aka fasa simintin. Abin da aka ciro daga bututun fari ne, mai tauri, kamar kitsen bijimi, tsawon hannuna. Madam ta tara mu duka, ta tsaya a kansa tana tambaya ɗaki ɗaki. Idon mutane duk ya koma kan wata yarinya mai sayar da soyayyiyar agada, babbar ayabar nan, don ita aka sani da kasko. Yarinyar ta fara rantsuwa da yarensu.

Lubabatu, a wannan tsayuwar na tuna na taɓa ganin irin wannan ranar, kuma za ki ji inda na gan ta. Na ɗaga hannu na ce ni ne.

Madam ta dube ni sama da ƙasa. Ta iya ɗan guntun Hausa da ta tsinta a kasuwa, ta ce, "Aboki, kai yi, kai gyara." Na kuwa gyara. Yini guda ina durƙushe da sanda da hannu ina ƙwaƙulo abin da na shekara ina zubawa, matan gida na wucewa suna toshe hanci suna yi mini sannu da yarensu, wadda na san ba sannu ba ce. Na ji haushin matar nan ƙwarai a ranar. Amma gaskiyarta ce, gidanta ne, kuma ba ta kore ni ba. Washegari ta aje mini wani babban gwangwanin tumatir mai murfi a ƙofar ɗaki, ta nuna kaskona, ta nuna gwangwanin, ta wuce. Har yau irinsa nake amfani da shi.

Don haka kar mai ya ga rariyar gidan Gwaggonki. Can ba bututu ba ne, amma sai ya kwanta a bakin rariya ya riƙe ƙasa, ruwa ya daina shigewa, ya taru bayan katanga ya zama na sauro da ƙuda, maƙwabci ya fara gaishe ku ciki ciki. Kar ki zuba a masai, kyankyasai za su yi miki godiya su kawo danginsu. Kar ki zuba kusa da rijiya. Kar ki zuba gindin shuka kina cewa taki ne, toshe mata numfashi yake yi, kuma Kulu tana da zogale a tsakar gida wanda ta fi so a kan wasu 'yan'uwanta. Ko kaskon da kin juye, ki fara goge shi da dusa ko toka ko tsohuwar takarda kafin ruwa ya taɓa shi, ki jefa abin gogewar a murhu. Za ki ga wankin ma ya fi sauƙi.

To. Na sha ruwa, na gyara zama. Ga wadda na sayi biron dominta.

Kin san rudu, ba sai na gaya wa ɗiyar Kashin Zama ba, amma rudun kakanki ba irin na yanzu ba ne. A bayan gida yake, dogo, ƙafafunsa itace masu gwafa an kafa su a ƙasa, an shimfiɗa kara a sama an ɗaure da igiyar rama, a zuba albasa a rufe da ciyawa, iska na shiga ta ƙasa. Baba, kakan naki, Allah shi jiƙansa, ba ya sayar da albasa lokacin da kowa ke sayarwa. Sai ya adana ta har ta yi wuya a kasuwa. Abincin gidanmu na shekara, da suturarmu, da irin baɗi, duk a kan ƙafafun rudun nan suke tsaye. Abokin gabarsa guda, gara. Kullum da safe Baba sai ya zagaya ya ƙwanƙwasa kowace ƙafa da sanda yana saurare.

A shekarar ina saurayi, ina ji da kaina, don ni ake aika Jega da kaya, na ga gari. Ita kuwa Kulu mijinta na fari ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida. Ba ta yarda ta zauna a ciyar da ita ba, ta kafa kasko tana ƙosai a ƙofar baya, ba nisa da rudun. Ƙosan Kulu, Lubabatu, ban sake cin irinsa ba daga nan har bakin teku. Masu tafiya fadama kan yi kwana su biyo ta bayan gidanmu saboda shi. Da kaskon nan ta fara dariya bayan rasuwar mijinta.

A Jega na ga wani mai gyaran mashin yana shafa wa ginshiƙan rumfarsa baƙin mai na inji. Na tambaye shi, ya ce gara ba ta kusantarsa. Na dawo gida da wannan ilimi yana yi mini nauyi a ka. Baƙin man inji babu shi a ƙauyenmu lokacin, amma ga kwanon Kulu, cike da man gyaɗan da ta yi kwana uku tana tuya da shi, ta aje gefe, shi ma ya yi baƙi. Na ce a raina ai duk ɗaya ne, baƙi ne, mai ne. Da rana tsaka, kowa na hutawa, na ɗauki kwanon, na yagi hannun wata tsohuwar rigata, na bi ƙafafun rudu ɗaya bayan ɗaya na shafe su har igiyoyin, na tuttule sauran a gindinsu. Ban gaya wa kowa ba. So nake sai shekara ta zagayo Baba ya ce bana gara ba ta zo ba, sannan in yi gyaran murya.

Gara kam ba ta zo ba, wannan na ba ni gaskiyata. Tururuwa ce ta fara zuwa. Bayanta ɓeraye. Bayansu gafiya, ta shiga tona gindin itacen tana bin ƙamshi. Suka gaigaye igiyar da ta sha mai, suka rarake ƙasar da ke riƙe da ƙafafun, duk ta ƙarƙashi inda ciyawa ta rufe. Baba na ƙwanƙwasawa yana jin itace lafiya lau, don ba cikin itacen ɓarnar take ba. Ranar da hadarin farko ya taso da la'asar, iska ta bugo sau biyu, rudun nan ya durƙusa da gaba kamar raƙumi, ya juye albasar shekara cikin ruwa da taɓo. Kin san albasa, in ta bugu ta jiƙe ba ta jiran kowa. Abin da muka tsira da shi bai kai a faɗa ba. Shekarar nan mun ci tuwo ba don daɗi ba.

Da ruwa ya tsagaita muna tsince, Baba ya ɗaga ƙafar rudu guda da ta tuge, ya duba haƙoran ɓera a jiki, ya kai ta hanci. Ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya ce, "Ƙosai."

Ya juya ya ce, "Kulu, zo nan. Wa yaz zuba mai gindin rudu?"

Ta ce, "Baba, ba ni ta ba. Ni ban zubda mai."

Ya ce, "Gidan ga wa ka tuyar ƙosai in ba ke ba? Sau nawa ina hana ki watso ruwan wanke-wanke nan?"

Ta ce, "Ruwa na watsa, Baba, na bari tun da kah hana. Mai kau kwano guda nib biɗa nir rasa."

Ya ce, "Kin rasa shi, ga shi na gane miki. Daga yau kasko ya sauka gidan ga."

Ta ɗago ta dube ni. Ba ta dubi kowa ba sai ni. Ni kuwa na duƙa ina tsintar albasa da himma kamar ni kaɗai na damu da asarar. Kalma biyu ce ta gagare ni, wadda daga baya na faɗa wa baƙuwar mata a bakin bututu ba tare da an matsa mini ba. Tsoron Baba ne, da kuma kunyar a ce mai wayon gida, wanda ya ga Jega, shi ya yi wannan wauta. Na ce gobe zan faɗa. Gobe na ce sai ransa ya huce. Da ya huce na ce tada maganar ba shi da amfani. Kulu ta kife kaskonta a bayan ɗaki har ya yi tsatsa. Matan ƙauye suka sa mata suna Kulu mai kada rudu, kin ma taɓa jin tsofaffi na faɗi kina dariya ba ki san tushe ba. Bayan shekara biyu ta yi aure Maiyama. Baba ya rasu yana ganin ita ce. Wannan ita ce wadda ba ni da yadda zan gyara, kuma ita ke zama mini a ƙirji in na tuna shi.

Yanzu kin gane gidan da za ki. Kulu ba ta sake tuyar sayarwa ba, amma ta zama sarauniyar tsohon mai. Za ki ga wani babban galan mai murfi a gefen madafi, kar ki ɗauka na ruwa ne. Duk man da ya gama aiki can yake tafiya, nata da na maƙwabta masu ƙosai da awara, har aiko mata ake yi. Sai ta tace, ta haɗa da soda, ta zuba a akwatin katako ya daskare, ta yanka sabulun wanki. Matan garin Mungadi ma har gida suke biyo ta. In tana haɗawa ki tsaya nesa sai ta kira ki, soda tana cin hannu, kuma Kulu ba ta son a taya ta abin da ba a iya ba. Dattin da ya rage a ƙyallen tata kuwa, da wanda ya lalace har sabulu ba ya karɓarsa, tana cakuɗa shi da buntun shinkafa ko toka, ta ɗan riƙa hura gawayi da shi, sauran ta ƙulle a leda a kai juji. Ɗigo ba ya taɓa ƙasar gidanta. Ki yi yadda take yi, ko ba ki gane dalili ba a ranar.

Kada ki ɗauka ba ta sani ba. Kowace Salla in na zo gida nakan je Maiyama gaishe ta, kuma kowace shekara sai ta ba ni sabulu sanda biyu, in ban zo ba ta aiko. Wata shekara tana miƙo mini a gaban mijinta ta ce, "Ungo, Mamman. Tsohon mai na, amma wanga ya san inda za shi."

Na ce, "Na gode, Yaya."

Ta ce, "Ni kowane ɗigo na san inda yat tahi. Kwano guda ɗai, tun muna Kashin Zama, har yau ban san wa yas shanye shi ba."

Na ce, "Ƙila kare na."

Ta ce, "Awo. Kare mai riga. Har ya bar hannun rigar gindin rudu."

Ta yi dariya har tana share ido, mijinta na tambaya mene ne, ta ce shi dai ya ci goronsa. Ni ma na yi dariyar, na sa sabulu a aljihu, na ce rana ta yi, mota za ta wuce ni. Ta buɗe mini ƙofa har bango, na ƙi shiga. Shekara nawa tana riƙe da tsumman nan a ranta, ba ta kai wa Baba ba, ba ta tona ni gaban kowa ba, jira take in faɗa da bakina. Ni da nake zaune nan ina ƙorafin duniya ba ta yi mini adalci ba, ga wadda ban yi wa ba, kuma ita ce yau ta share ɗaki ta ce a kawo mata ɗiyata.

Ga abin da nake roƙonki. Kulu ba ta karatun boko, ni kuma in na ji muryarta a waya harshena awaki yake komawa. Ke za ki karanta mata takardar nan, tun daga inda na ce na sha ruwa na gyara zama, har nan, sannan ki ƙara da saƙon da na rubuta mata a ƙasa. Kar ki tsallake komai, kar ki gyara mini. Amma ba ranar da kika sauka ba. Ki bari sai kin kwana biyu, sai ranar da ta ba ki kasko. Ki yi tuyarki, ki bar man ya huce, ki tace, ki goge kaskon da toka, ki kai wanda ya mutu galan ɗinta ba tare da ta ce miki ba. Za ta yi kamar ba ta gani, amma tana gani. Ina son ta san gidan Mamman an koyi abin, ko da an makara. Sannan ki wanke hannu ki ce, Gwaggo, Baba ya aiko da saƙo.

Yaya Kulu, ni ne. Ni na ɗauki kwanon, ni na shafa, rigata ce. Kin faɗi gaskiya ranar nan, ni na yi shiru na bar ki da ita. In Allah ya kai mu Salla zan faɗa a zauren gidanmu gaban kowa, har tsofaffin da suka sa miki suna, waɗanda suka rage. Ki yafe mini in kin ga dama. In ba ki ga dama ba, kada ki huce a kan yarinyar, ita ba ta san rudun ba.

Lubabatu, in ta yi dariya, ki bar ta ta yi. In ta zage ni, ki riƙe zagin da kyau ki kawo mini shi cikakke, na ci bashinsa da daɗewa a wajen Allah, kuma Kulu ta iya zagi mai daɗin ji. In ta yi shiru, ki tashi ki ba ta wuri, kar ki cika ta da ban haƙuri. Kuma ke ma ki riƙe wannan, ko a makaranta ko a gida: ranar da kika yi ɓarna aka juya ana kallon wani, ki yi magana kafin ki haɗiye miyau. A ranar kalma biyu ce. In ta kwana, ga ta nan ta zama takarda shafi shida.

Allah shi kai ki lafiya, shi tsare ki a hanyar Jega da ta Maiyama, shi kiyaye ki daga direba mai gaggawa da ɗan acaba mai waiwaye. Allah shi ba ki ɗalibai masu jin magana da abokan aiki masu tsoronsa. Shi sa ki zama sanyin ido a gidan da za ki shiga, shi rufa miki asiri, shi haɗa fuskokinmu da alheri. Ki gaida innarki, ki ce mata ita ma yau ta ji, don ko ita ban taɓa gaya wa ba.

Sabulun bara ya kusa ƙarewa, ya zama kamar ganye, sai lallaɓa shi nake yi. Kar ki roƙa mini. Direban nan yana zuwa duk bayan mako biyu. In ya sauko daga mota na ga ƙullin leda a hannunsa, na ji amsa.

Wassalam.

Babanki,
Mamman